GASASSHEN KIFI DA DANGWALEN LEMO: ABINCIN DARE CIKIN RABIN AWA

Manomi, wannan takarda taku ce kai da uwargida. In ba ta yi karatun boko ba ka karanta mata, ko ka sa yaro ɗan makaranta ya karanta kuna saurare. Aikin da ke ciki na mutum biyu ne, gama kai ne mai cefane da dasa itace, ita ce mai murhu.

A ƙasashen da ke bakin teku akwai wani abinci da ake yi da dare idan an dawo daga aiki a gajiye. Jatan lande ake samu, watau ɗan abin ruwan nan mai gashin baki da lanƙwasasshen jiki, a shafa masa ɗan mai da yaji, a gasa a tanderu minti kaɗan, sa'an nan a ci ana dangwala wani haɗi na ruwan lemo. Ba suya, ba ɓarnar mai, ba daɗewa a gindin murhu. Mu nan Kwanyawa da sauran garuruwan Ƙaraye da Rogo teku ta yi mana nisa, ɗanyen jatan lande kuwa sai a manyan kantuna na birnin Kano, da tsada. Amma dabarar ba ta teku ba ce kaɗai. Duk abin da za a yi da jatan lande ana iya yinsa da karfasa ko tarwaɗa, su kuwa ga su nan kusa da mu.

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Challawa a ƙasar Ƙaraye a shekarar 1992, kifi ya daina zama abin marmari a wannan yanki. Madatsar tana iya riƙe ruwa kimanin kubik mita miliyan 900, ga kuma ta Kusalla. Amma abin da malaman gona ke gani shi ne, kifin sai ya bi mota ya tafi birni, yaran gida kuwa su kwana da tuwo da miyar kuka tsura. Wannan kuskure ne, kuma muna biyan kuɗinsa. Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna cewa yara 37 cikin kowane 100 'yan ƙasa da shekara 5 a Nijeriya sun tsumbure, watau tsayinsu bai kai na shekarunsu ba. A arewa maso yamma abin ya wuce rabi. Tuwo yana cika ciki ya ba da ƙarfin aiki, amma shi kaɗai ba ya gina jikin yaro. Naman kifi, kusan kashi 1 cikin 5 na nauyinsa abin gina jiki ne zalla. Ba a ce kada ka sayar da kifi ba. In ka kama goma, ka ware biyu ko uku na gida tun kafin dillali ya iso. In kai ba masunci ba ne, ka sa kifi cikin cefane ko da sau biyu ne a mako.

ME YA SA GASHI, BA SUYA BA?

Suyar kifi tana cin mai kwalba guda, kowa kuwa ya san yadda man gyaɗa ya koma. Saboda tsadarsa ne uwargida ke juye man da ya saura ta ajiye, ta sake soyawa da shi gobe da jibi har ya yi baƙi yana kumfa. Irin wannan mai ba shi da kyau ga jiki. Gashi kuwa cokali 2 na mai ya isa iyali duka. Bugu da ƙari, garwashin da ya rage bayan an sauke tuwo, wanda kullum ake bari ya mutu a banza, shi ne zai yi aikin.

ZAƁEN KIFI

Nan ne ya kamata ka tsaya ka natsu, domin kifin da ya lalace ba yajin da zai gyara shi. A lokacin zafi kifi ba ya kai rabin yini bayan kamu sai ya fara juyawa, in ba ƙanƙara. Ka duba ido: na sabon kifi yana sheƙi, ya ɗan fito waje. In ya faɗa ciki ya yi hazo, bar shi. Ka ɗaga murfin da ke gefen kansa ka dubi abin da yake numfashi da shi. Ja wur ake so, ba toka-toka mai yauƙi ba. Ka danna tsokar da yatsa. In ta dawo, madalla. In gurbin yatsanka ya zauna, ka mayar wa mai shi kayansa. Tarwaɗa tana da rai mai tsawo, saboda haka in da hali ka saye ta tana motsi.

Akwai abin da ya fi ruɓa haɗari. Wasu marasa tsoron Allah sukan zuba maganin ƙwari irin su Gamalin a kududdufi ko a ƙorama, kifi ya taso su kwashe. Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta hana kamu da guba, da nakiya, da wutar lantarki. Idan ka ga an tara kifi manya da 'yan mitsi-mitsi a haɗe, duk matattu, ana neman rabuwa da su a kan kowane farashi, ko ka ji warin magani, kada ka saya. Araha ba ta ado. Wuta ba ta kashe irin wannan guba, lemo ma ba ya kashe ta. Haka nan busasshen kifin da aka yayyafa wa fiya-fiya don ƙwari: ka shinshina kafin ka biya.

Wani abin lura kuma: kada a aiki yara su shiga bakin madatsa wankin kifi. Tsargiya, ciwon nan mai sa fitsarin jini, ta fata take shiga idan mutum ya tsaya a ruwan da dodon koɗi mai ɗauke da ita yake. Ba ta cin kifi ake kamuwa da ita ba. A kawo kifin gida a wanke da ruwan rijiya ko na famfo.

GYARAN KIFI

Ga iyali mai mutum 6, a sami karfasa 3 masu tsawon tafin hannu da rabi, ko tarwaɗa 1 babba a yanka gunduwa-gunduwa. Uwargida, ki kankare ɓawon karfasa daga wutsiya zuwa kai. Ki tsaga cikin a hankali ki fitar da kayan ciki, ki kula kada matsarmama ta fashe, in ta fashe kifin ya yi ɗaci ke nan. Tarwaɗa ba ta da ɓawo, sai santsi. Ki cuɗe ta da toka, ko ki kwara mata ruwan zafi ki kankare da wuƙa, sa'an nan ki goge da ɓarin lemun tsami. Ƙarnin zai tafi.

Ki tsattsaga jikin kifin wuri 3 a kowane gefe har wuƙa ta taɓa ƙashi, don yaji ya shiga wuta kuma ta ratsa. Ki daka citta kamar girman babban yatsa, da tafarnuwa ƙwaya 4, da attarugu 1, da masoro kaɗan, da gishiri rabin cokalin shayi. Ki zuba man gyaɗa cokali 2 na cin abinci da ruwan lemun tsami 1. Ki shafe kifin ciki da waje, ki rufe shi saboda ƙuda, ki bar shi minti 15. Kada ya wuce haka da yawa. Tsami yana cin tsoka, in ya daɗe sai kifin ya dagargaje a wuta.

Wuƙar da aka gyara ɗanyen kifi da ita, da farantin, da hannun mai gyaran, a wanke su da sabulu kafin su taɓa albasar da za a ci ɗanya. Sau da yawa gudawar da ake ɗora wa kifi laifinta daga nan take fitowa.

GASHIN KANSA

Ba sai da tanderun 'yan birni ba. Hanya mafi sauƙi ita ce ta ganyen ayaba. A yanko ganye daga fadama, a wanke, a ɗan gifta shi kan wuta ya yi laushi don kada ya yage. A shimfiɗa yankakkiyar albasa da tumatir a kai, a ɗora kifi, a naɗe ninki biyu, a soke da tsinke. A baza garwashi, a ɗora ragar ƙarfe irin ta masu tsire, a sa ƙunshin a kai. Minti 10 a juya, minti 10 a sauke. Ganyen waje zai ƙone, ba komi, na ciki ne ke riƙe da romon. Inda babu ayaba, ɓawon masara da aka jiƙa a ruwa yana yi. Amma kada a naɗe abinci da takardar siminti, ko jarida, ko leda.

Hanya ta biyu ita ce ta tukunya da yashi, wadda mata masu yin kek suka sani. A sami tsohuwar tukunya babba, a zuba yashi mai tsabta kamar inci 2, a rufe a ɗora a wuta minti 10 ta ɗauki zafi. A jera duwatsu 3 ƙanana a kan yashin, a ɗora farantin ƙarfe da aka shafa wa mai, a jera kifin, a rufe, a zuba ɗan garwashi a kan murfi. Minti 20 zuwa 25 ya isa. A ganina wannan ta fi wa tarwaɗa kyau, saboda kitsenta yana tsiyaya a faranti maimakon ya ɗiga a wuta ya ta da hayaƙi. Masu gurasa da ke da tanderun ƙasa kuwa, bayan an kwashe gurasar ƙarshe zafin da ya rage ya ishi kifi.

Ko wace hanya aka bi, garwashi ake so, ba harshen wuta ba. Harshen wuta yana babbake waje ya bar ciki ɗanye, baƙin ƙonar nan kuma ba abin ci ba ne. Kada a hura wutar abinci da leda ko tsohon takalmin roba. Ƙa'idar lokaci ita ce minti 10 ga kowane inci 1 na kaurin kifi idan wutar tana da ƙarfi. Amma agogo ba ya ganin cikin kifi. Ki buɗe wurin da ya fi kauri, kusa da kai. In tsokar ta yi fari fat, tana rabuwa da ƙashi da kanta, ya nuna. In akwai ja ko sheƙi a jikin ƙashi, a mayar minti 5. Ma'aikatan lafiya suna cewa zafin tsakiyar kifi ya kai digiri 63 a ma'aunin Selsiyas, alamar da muka faɗa kuwa ita ke nuna haka ga wanda ba shi da ma'auni.

DANGWALEN LEMO

Yayin da kifi ke wuta sai a haɗa abin dangwalawa. A matse lemun tsami 3 da lemun zaƙi 1 a kwanon tangaran ko ƙwarya, a tsame 'ya'yan. A yanka albasa rabi ƙanana-ƙanana, a jajjaga attarugu 1, a zuba. A ƙara man gyaɗa cokali 1, da gishiri ɗan kaɗan, da garin ƙuli-ƙuli cokali 2 don ya yi kauri ya kama kifi. A juya, a ɗanɗana. In tsamin ya yi yawa a ƙara lemun zaƙi, ba sukari ba. Shi ke nan, ba a ɗora shi a wuta.

Dalilin rashin dafa shi yana da muhimmanci. Lemo yana ɗauke da sinadarin da ake kira bitamin C, wanda zafi ke lalatawa. Rashin wannan sinadari yana sa dasashi ya kumbura yana jini, rauni kuma ya ƙi warkewa. A zamanin da, wannan ciwo ya kashe matuƙan jiragen ruwa masu yawan gaske, waɗanda kan yi watanni a teku ba ɗanyen abu. A 1747 wani likitan jirgi mai suna James Lind ya gwada ba marasa lafiya lemo, ya ga sun miƙe, daga 1795 kuma rundunar jiragen ruwan Ingila ta shiga raba wa mutanenta ruwan lemo. Mu a nan amfaninsa mafi girma wani ne. Bitamin C yana taimakon hanji ya tsotsi sinadarin ƙarfe, mai ƙara jini, daga wake da zogale da alayyafo. Mace mai ciki ko mai goyo da ake ce wa jininta ya yi ƙasa, in ta ci wake da kifi da wannan dangwale ta fi amfana da waken. Shayi kuwa akasin haka yake yi, don haka a bari a yi kamar awa guda bayan cin abinci kafin a sha.

Kada a haɗa dangwale a tukunyar dalma ko a bar shi ya kwana a cikinta. Waɗannan tukwane daga tsofaffin ƙarafa ake narka su, tsami kuwa yana cin jikinsu ya shigar da abin cikin abinci. Kuma kada wani ya ce ai lemo ya dafa kifi don ya ga tsokar ta yi fari bayan an jiƙa. Launi ne kawai ya sauya, ƙwayoyin cuta suna nan da ransu.

Akwai wani irin dangwale da ake yi da kindirmo: rabin gwangwanin madara na kindirmo mai kauri, da ruwan lemun tsami 1, da tafarnuwa ƙwaya 1 dakakkiya, da gishiri. Yana da daɗi ƙwarai, yara sun fi son sa don ba yaji. Na san wasu za su ja baya, wai haɗa kifi da nono yana kawo kuturta ko farar fata. Ba haka ba ne. Kuturta ƙwayar cuta ce ke kawo ta, wadda wani likita mai suna Hansen ya gano a ƙasar Norway tun 1873, ba ruwanta da abin da aka ci. Sharaɗin kawai shi ne a tabbata an tafasa madarar kafin a yi kindirmon. Haka ma magidantan da ke gudun lemun tsami, wai yana rage ƙarfin namiji: lemo 3 da mutum 6 za su raba ba zai rage wa kowa komi ba. Wanda ya kamata ya yi hattara shi ne mai gyambon ciki ko ƙwannafi. In tsami na tayar masa da ciwo a yi masa nasa da lemun zaƙi kaɗai, ba attarugu.

IN AN SAMI JATAN LANDE

Busasshensa, wanda 'yan kasuwa ke kira kirefish, daga kudu ake kawo shi, musamman daga Oron ta Jihar Akwa Ibom, ana kuma samunsa a kasuwannin Kano da na manyan garuruwa. Wasu mutanenmu suna ƙyamarsa don ya yi kama da ƙwaro. Abin ruwa ne, kuma a mazhabar Malikiyya da muke bi halal ne. A tsince shi, a ɗan gasa a busasshen kasko minti 2, a daka, a zuba cokali 1 cikin dangwale. Tun da da ɓawonsa ake ci, yana ba da sinadarin da ke gina ƙashi da haƙori. 'Yan ƙananan busassun kifi irin su kawara, in aka daka su da kai da ƙaya, suna yin wannan aiki, ga su kuma da araha.

In ɗan'uwa ya kawo ɗanyensa daga birni cikin ƙanƙara, a dafa shi ran nan. Wanda ya narke aka sake daskarar da shi saboda ɗaukewar wuta, ko yake wari kamar na tsohon fitsari, a zubar. A ɓare ɓawon, a tsaga bayansa a zare baƙin zaren nan, hanjinsa ne. A shafa yajin da muka faɗa a sama, a jera a faranti kada wani ya hau wani, a sa a tukunyar yashi. Minti 6 zuwa 8 kacal. Da ya yi ja-ja ya lanƙwashe a sauke, in ya wuce haka sai ya yi tauri kamar roba. Wasu mutane jininsu bai haɗu da jatan lande ba, ɗanye ko busasshe. In wani ya ci ya ga ƙaiƙayi da borin jini, kada ya ƙara. In leɓe ko maƙogwaro ya kumbura, ko numfashi ya yi wuya, a garzaya da shi asibiti nan take, kada a jira gari ya waye.

DA ME ZA A CI?

Dankalin Hausa ya fi dacewa, musamman irin mai jan ciki. A tura shi cikin toka mai zafi tun kafin a fara gyaran kifi, gama shi yakan ɗauki minti 40. Dafaffen rogo, ko wake, ko kwaɗon zogale, ko tuwon da ya saura, duk suna tafiya da shi.

A fara ɗibar wa yara nasu kafin a kai kwanon maigida zaure. Yaro daga wata 6 yana iya cin kifi. A ware masa tsoka daga tsakiya inda yaji bai kai ba, uwa ta murje ta da yatsu masu tsabta sau biyu tana neman ƙaya, ta haɗa da dankali. Tarwaɗa ta fi wa yara sauƙi don ƙayarta kaɗan ce. Abin da ya saura kada ya wuce awa 2 a ajiye, a watannin bazara ma awa 1. In dole sai ya kwana, a mayar da shi kan raga a busar da shi sosai a garwashi, da safe a jefa a miya ta tafasa. Dangwale kuwa ba ya kwana.

LEMON GIDA

Sayen lemo kullum ba dabara ba ce ga mai fili a bayan gida. Ka nemi dashen da aka yi wa aure, shi yakan fara 'ya'ya cikin shekara 3 ko 4, na ƙwaya kuwa ya fi haka daɗewa. Cibiyar binciken kayan lambu da itatuwan marmari ta ƙasa, NIHORT, tana da reshe a Bagauda. Ka haƙa rami ƙafa 2 faɗi, ƙafa 2 zurfi, ka cakuɗa ƙasar sama da ruɓaɓɓen taki ka mayar. Ka dasa idan damina ta kankama, wajen ƙarshen Yuni ko farkon Yuli, ka bar gaɓar auren a saman ƙasa. In bishiya fiye da ɗaya ce, a bar ƙafa 20 a tsakani. Ka kewaye da ƙaya saboda awaki, ka riƙa duba gindin saboda gara, duk reshen da ya tsiro ƙasa da gaɓar aure kuma ka cire shi. Da rani bokiti 2 sau biyu a mako ya ishi ƙaramin dashe, ruwan alwala ma in an karkata shi wajen yana taimakawa.

Domin sanin inda za ka sami dashe mai kyau, ka tuntuɓi malamin gona na yankinku ko ofishin hukumar KNARDA mafi kusa da kai, tun kafin ruwan farko ya sauka.